Fitilar Ƙofar Gida: Abin da Ya Kamata a Duba Kafin a Kafa Ta

Duk wanda ya baro birnin Kano da la'asar sakaliya, ya bi hanyar Zariya har Kwanar Dangora, sa'an nan ya karya hagu ya nufi Tudun Wada da Doguwa daidai lokacin da ladanai ke kiran magariba, zai ga wani abu da ba a saba gani ba a wannan yanki a 'yan shekarun baya. Da zarar duhu ya fara kawo jiki, sai fararen fitilu su dinga kunna kansu ɗaya bayan ɗaya ba tare da kowa ya taɓa makunni ba: wannan a goshin zaure, waccan a jikin hasumiyar masallaci, wata an ɗaure ta a reshen darbejiya bisa teburin mai shayi, wata kuma an kafe ta a kan dogon ƙarfe tana haska gidan mai ita da na maƙwabtansa gaba ɗaya.

Babu mai musun cewa wannan ni'ima ce. Dattijon da a da yake laluben hanyar masallaci da sanda da asuba, yau yana ganin inda zai sa ƙafarsa; almajiran da ke karatun dare a gefen wutar kara, hayaƙi na cika musu ido, da yawansu sun koma gindin fitilar unguwa da allunansu; mai tsire da mai ƙosai sun ƙara lokacin ciniki.

Sai dai kasancewar abin ya zo wa jama'a da gaggawa, kasuwa kuma ta cika da kaya nagari da na banza a haɗe, mafi yawan masu saye tambaya ɗaya tak suke yi wa mai kanti, wato wacce ta fi haske. A ganina kuwa wannan ita ce tambayar da ta cancanci zuwa a ƙarshe, domin amincin fitilar waje yana rataye ne ga wayar da ta kai mata wuta, da murfin da ya tsare ta daga ruwa, da wurin da aka kafa ta, da kuma inda aka juya fuskarta.

Daga aci-balbal zuwa sola

Kakanninmu ba su san wata fitilar waje ba sai farin wata, wanda da shi ake auna daren dandali da na tatsuniya da na tafiya. A ɗaki akwai aci-balbal, ɗan kasko da mai da lagwanin auduga. Daga baya kananzir ya zo da fitilar ƙwai, cocila ta biyo baya. Lantarki kuwa, ko da yake ya isa manyan garuruwa irin su Bebeji da Kiru da Tudun Wada, bai kai ga ƙauyuka da dama ba, inda ya kai ɗin ma ba kullum ake samunsa ba. Har gobe NEPA jama'a ke cewa, alhali tun 2005 aka sauya wa hukumar suna, kuma tun Nuwamban 2013 kamfanin KEDCO ne ke rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa.

Abin lura a nan shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, a ƙasar Bebeji take, amma tashar lantarki mai megawat 10 da gwamnatin jiha ta gina a jikinta an tsara ta ne domin matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titunan birni. Saboda haka mutumin ƙauyen da ke hango ruwan Tiga daga bayan gidansa ya daɗe da sanin cewa hasken ƙofarsa daga aljihunsa zai fito.

Janareta ta riƙe masu hali na wani zamani, har zuwa Mayun 2023 da aka janye tallafin fetur, farashin lita ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, aka jingine injuna da yawa a bayan ƙofa. A Oktoban 2024 kuma Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu sakamakon lalacewar manyan layukan da ke kawo mata wuta, abin da ya ƙara kora mutane wajen masu sayar da sola. Ga kuma tsoro: dajin Falgore, wanda ya ratsa ƙasashen Tudun Wada da Doguwa, ya yi shekaru yana zama mafakar ɓarayin shanu da 'yan fashin hanya, har sojoji suka mai da wani sashe nasa filin atisaye, kuma wanda ya taɓa wayar gari ya tarar da turke babu saniya ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan amfanin haske.

Ruwan farko da ƙyauren ƙarfe

Kudancin Kano ba kamar arewacinta ba ne wajen damina. Doguwa, da duwatsunta na Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza, tana cikin sassan jihar da suka fi samun ruwan sama, wanda kan haura milimita 1000 a shekara, ruwan farko kuma yakan zo ne da iskar da ke kwashe kwano da karya reshe. Duk abin da za a kafa a waje a irin wannan ƙasa, da damina ya kamata a auna shi, ko da kuwa da rani aka saye shi.

Ga yadda aka saba yi. Maigida ya sayo ƙwai da mazauninsa, irin wanda aka yi domin cikin ɗaki, ya kira yaron da ya taɓa bin wani mai wayarin na 'yan watanni. Yaron ya jawo siririyar waya daga soket ɗin ɗaki, ya fito da ita ta saman taga, ya bi da ita ƙarƙashin bakin kwano. Da ta gaza kaiwa, sai ya fere wata da haƙori, ya murɗa su tare, ya naɗe mahaɗar da baƙar leda, ya ratsa da ita ta saman ƙyauren ƙarfe, ya buga ƙusa ya rataye ƙwan. Aka kunna, ya kama, aka yi masa sannu da aiki. Ranar bazara ta gasa robar wayar har ta tsattsage, iska ta yi ta goga ta a kaifin kwano, ɓera ma ya ɗauki nasa rabon. Ranar da aka yi ruwan farko kuwa ledar ta cika, wutar ta sami hanya ta bi ƙarfe, sai ƙyauren nan da yara ke turawa safe da yamma, ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya koma tarko. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, kuma ɗan abin da ya isa ya rikita bugun zuciyar mutum bai kai abin da ƙaramin ƙwai ke ja ba.

In haka ta faru, sai a ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Lalle mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma malamai ba su taɓa karantar da cewa imani da ƙaddara yana kore riƙo da sababi ba, kuma wanda ya yi sakaci da abin da ya san yana iya halaka rai, akwai hisabi a wuyansa.

Sababin nan kuwa ba mai wuya ba ne. Wayar waje a sa mai kaurin riga, a zura ta cikin bututun roba, a kafe bututun a bango nesa da kaifin kwano. Kowace mahaɗa a ɓoye ta cikin ɗan akwati mai murfi. Wayar ta shiga fitila ta ƙasa, a ɗan lanƙwasa ta kafin ta shiga, yadda ruwan da ya biyo ta zai ɗiga ƙasa maimakon ya gangara ciki. Idan jikin fitilar ko turkenta na ƙarfe ne, wajibi ne a ɗaura masa waya ta uku, wadda ke tafiya zuwa sandar tagulla da aka kafe cikin ƙasa, domin wutar da ta ɓace hanya ta bi ta nan. Akwai kuma wata 'yar na'ura da ake sawa a allon wutar gida, an rubuta 30mA a jikinta, wadda ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido da zarar ta ji tana zurarewa ta jikin mutum ko ta bango. Tana da maɓallin gwaji da ya kamata a riƙa dannawa lokaci-lokaci. Idan kuma, Allah Ya kiyaye, wuta ta ja wani, kada a kama shi da hannu: a kashe ta daga tushe, ko a ture shi da busasshiyar sanda.

Kukan masu wayarin

Masu sana'ar da suka san aikinsu suna da nasu ƙorafin, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Sukan ce maigida zai kashe kuɗi mai yawa a kan fitila, amma da an ambaci bututu da akwatin mahaɗa da sandar tagulla sai ya ɗauka ana neman a cuce shi, ya sallami gwani ya kira mai araha. Wani ma da kansa zai sayo wayar, ya zo da wadda aka yi da alminiyam aka shafa mata ruwan tagulla a baya, wadda ke saurin zafi da karyewa a mahaɗa. Gane ta ba wuya: a kankare silin da wuƙa, in fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, to ba tagulla ba ce.

Hukuma ba ta bar fagen haka nan ba. Akwai NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, mai duba ingancin aikin lantarki da ba masu wayarin takardar shaida. Akwai kuma SON mai kula da ingancin kayan da ake sayarwa. Amma tsakanin ofishi a birni da ƙauyen da ke bayan Falgore akwai tafiya, don haka a mafi yawan gidaje maigida shi ne sufeton kansa, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin da aka rubuta a kwali

A jikin kwalin kowace fitilar kirki za a ga haruffa biyu, IP, da lambobi biyu a gabansu. Ta farko tana nuna yadda fitilar ke tsare kanta daga ƙura, ta biyu kuma daga ruwa. Mai IP20 ta ɗaki ce, ba ta da hurumi a waje. Mai IP44 za ta iya zama a baranda ko ƙarƙashin rumfa, inda feshi kawai ke isa. Wadda za ta tsaya a fili, ruwa ya doke ta da damina, ƙurar hunturu ta lulluɓe ta da rani, to IP65 ce mafi ƙarancin abin nema, domin lamba 6 ɗin nan ma'anarta ƙura ba ta shiga sam. Sai dai tawada ba ta da tsada, kowa na iya buga lamba a kwali. Saboda haka mai saye ya juya fitilar a hannunsa, ya duba ko akwai zoben roba tsakanin gilashi da jiki, ko ramin da waya ke shiga a matse yake, ko jikin yana da nauyin ƙarfen da zai iya fitar da zafi.

Babbar yaudara kuwa tana wajen wat. Za ka ga fitilar sola an rubuta mata wat 300, ko 500, wata ma 1000, alhali faifan da ke cajinta bai fi farantin abinci girma ba. Faifai irin wannan da ƙyar ya ba da wat 20 a tsakar rana. In an tara abin da ya samu a cikin sa'o'i biyar na rana mai ƙarfi, ba zai riƙe fitila mai wat 300 ta gaskiya rabin sa'a ba, balle daga magariba zuwa asuba. Ma'aunin haske na ainihi shi ne lumen. Tsohon ƙwan nan mai wat 60 da muka taso da shi kimanin lumen 800 yake bayarwa, ƙwan LED mai wat 10 kuma yana ba da kwatankwacin haka, wannan kuwa ya ishi ƙofar zaure.

'Yan kasuwa su ma ba su rasa hanzari ba. Sukan ce mai saye ne ke son babbar lamba, in ka gaya masa gaskiyar ƙarfin fitila sai ya wuce ka ya shiga shagon gaba inda za a faɗa masa abin da kunnensa ke so. Sukan kuma tuna masa cewa araha ba ta ado. Uzuri ne mai kama hankali, amma bai halatta algus ba.

Sola ma tana da nata

In don tsoron jan wuta ne, fitilar sola mai haɗe da batirinta ta fi kowace aminci, musamman a gidan da ke da yara, domin wutar da ke cikinta 'yar kaɗan ce, kuma babu wayar da za ta ratsa tsakar gida. Rauninta yana ga batir. Zafin bazara a nan yakan haura digiri 40 a inuwa, balle cikin baƙin akwatin da ya yini a rana, zafi kuwa shi ne ke cinye kwanan batir. Shi ya sa fitilar da ke kaiwa asuba tana sabuwa, shekara na zagayowa sai ta riƙa mutuwa tun kafin tsakar dare. Irin batirin da aka rubuta wa LiFePO4 ya fi jure zafi, ya kuma fi wuyar kamawa da wuta. Wanda ya kumbura a cire shi, kada a jefa shi a wuta, kada kuma a bar wa yara su fasa.

Faifan a fuskantar da shi kudu, a ɗan kishingiɗar da shi yadda ruwa zai wanke shi, a nisanta shi daga inuwar mangwaro. Da hunturu a riƙa goge masa ƙura da jiƙaƙƙen tsumma, a watan Agusta kuma, da hadari ke rufe rana kwana da kwanaki, a yi masa uzuri. Haɗari mafi muni a harkar sola yakan zo ne ranar kafawa, sa'ad da samari suka ɗaga dogon turken ƙarfe suna kallon ramin da za su sa shi, ba wanda ya ɗaga kai ya ga babbar wayar da ta ratsa ta sama, wadda ko kusantarta aka yi tana iya tsallakowa.

Kaka, kara da gobara

Wannan yanki ƙasar masara da shinkafa da dawa ce, bayan kaka kuwa gida kan cika da abin da wuta ke so: kara a jingine, harawa a kan rumfa, zana a danga, rumbu da jinkarsa, ga iskar hunturu ta busar da kome. Tsohuwar fitilar nan mai siririn ƙwan gilashi a kwance, mai wat 500, wadda har yanzu ake samu a wasu gidaje da wuraren biki, zafinta ya isa ya kunna busasshiyar ciyawa in ta kusance ta. Ƙwan LED bai kai ta zafi ba ko kusa, amma mahaɗar da ta saki tana tartsatsi, tartsatsi ɗaya kuma ya ishi harawa.

Mas'alar ba sabuwa ba ce a wurin malamai. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da a kashe fitilu lokacin kwanciya, saboda ɓera na iya jan lagwani ya ƙone gida da mutanensa. Imam Nawawi ya yi sharhi cewa illar hukuncin ita ce tsoron gobara, don haka fitilar da aka rataye inda aka amince ba za ta jawo wuta ba, babu laifi a bar ta. Ke nan wanda zai bar fitila ta kwana a kunne a ƙofarsa, sharaɗin da ke kansa shi ne ya tabbatar da wannan amincin tukuna, ya dubi abin da ke sama da ita da abin da ke ƙarƙashinta.

Yawan haske da idon mai gadi

A nan ne ra'ayoyi suka fi rabuwa. Masu dabbobi da yawa suna ganin a haske turke fes, ɓarawo ba ya son a gan shi. Wasu makiyaya kuma na ganin haska garke tallar dukiya ce ga mai hange daga nesa. 'Yan sintiri da suka daɗe suna kwana a waje sun san wani abu da mai sayen fitila bai cika sani ba: fitila mai tsananin haske tana haifar da inuwa mai tsananin duhu a bayan katanga da gindin rumbu, kuma idon da ya kalle ta yakan ɗauki mintoci masu yawa kafin ya sake sabawa da duhu, har ya zamana wanda ya laɓe a inuwa yana ganin mai gadi sarai, mai gadi ba ya ganinsa. Wadda aka fuskantar da titi kuwa tana kashe idon ɗan acaɓa da direba a daidai inda yara ke tsallakawa.

Ƙananan fitilu biyu ko uku masu matsakaicin haske, a tsayin da hannu ba ya kaiwa, kowace ta sunkuya tana kallon ƙasa, sun fi babba guda ɗaya amfani. Mai kunna kanta in ta ji motsi tana da fa'ida a lungu da bayan gida, tana kuma tattalin batir, ko da yake akuya da kyanwa ma suna tayar da ita, kuma da yake ɗumin jiki take ji, takan yi nauyin ji a daren bazara.

Sai batun ƙwari. Farin haske mai ɗaukar ido, wanda ake rubuta wa 6500K, ya fi jan ƙwari a kan mai ruwan ɗorawa, mai 3000K ko ƙasa da haka. Daren da shinge ya fito bayan ruwan farko yara murna suke yi, su kawo kwano da ruwa gindin fitila. Amma sauran dararen damina ƙwarin kwaɗi suke tarawa, maciji kuma kwaɗo yake bi. Hikima ita ce kada a kafa fitila daidai bisa ƙofa ko bisa dakalin da ake hira, a matsar da ita gefe ta hasko wurin daga can, taron ƙwarin ya tsaya inda ba a zama.

Haƙƙin maƙwabci

Akwai ɓangaren da ba a cika jin muryarsa a wannan magana ba, wato matan gida. Ginin Bahaushe, daga zaure zuwa doguwar katanga, an tsara shi ne domin sutura, kuma da bazara, sa'ad da ɗaki ba ya kwantuwa, a tsakar gida iyali ke shimfiɗa tabarma. Makewayi ma a gidaje da yawa ba shi da rufi. Fitilar da maƙwabci ya ɗora a kan turken da ya zarce katanga, ya bar fuskarta a miƙe, tana yaye wannan sutura duk dare, ta hana barci, ta tilasta wa matan wani gida su koma ɗaki cikin zafi, shi kuwa mai fitilar wataƙila bai taɓa tsayawa ya ga inda haskensa ke sauka ba. Sau da yawa kunya ke hana a yi magana, sai abin ya zama gaba a ɓoye.

Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu ya daɗe da yin hukunci a kan makamancin wannan. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, a ƙarƙashin ƙa'idar hana cuta da cutarwa, ta hana mutum buɗe tagar da zai riƙa tsinkayar cikin gidan maƙwabcinsa ta cikinta. Ban ce fitila taga ce ba, wannan ƙiyasi na malamai ne. Amma illar da aka duba a can, wato tone abin da maƙwabci ya suturta, tana nan a nan ma.

Gyaran kuwa bai kai kuɗin kwanon masara ba. Mafi yawan fitilun suna da ƙusar da ake sassautawa a sunkuyar da kansu ƙasa. Wadda ba ta da ita, makerin gwangwani zai yanka mata ɗan ƙyallen kwano ya yi mata hula ta ɓangaren maƙwabci. Ranar da za a kafa ta, a jira magariba ta yi, a kunna, maigida ya aika yaro gidan dama da na hagu a tambayo ko hasken ya faɗa musu ciki, in ya faɗa a gyara tun mai wayarin bai sauko daga tsani ba.